Kafin Ka Sayi Tsohuwar GTI Ko Makamanciyarta: Yadda Za Ka Binciki Lafiyarta Da Wayarka, Da Yadda Za Ka Riƙe Ta

Duk wanda yake yawan zama a TikTok ko Instagram ya saba ganin bidiyon ƙananan motocin nan masu guntun baya, waɗanda but ɗinsu ke ɗagawa tare da gilashin baya, ana taka su suna tashi kamar an harba kibiya. Su ake kira hacbak, masu ƙarfin cikinsu kuma su ne irin su Golf GTI, Civic Type R, Peugeot 206 GTi da Focus ST. Idan ka shiga Jiji ko Facebook Marketplace za ka tarar da tsofaffinsu a farashin da wani lokaci bai kai na Corolla mai shekaru ɗaya da su ba. Wannan arahar ce take jan matashin da ya daɗe yana tara kuɗin motarsa ta farko.

Wannan darasin ya ginu a kan magana ɗaya. Irin waɗannan motoci ba sa lalacewa haka kawai. Kowace tana da wurare biyu ko uku da aka daɗe da sanin a nan take ciwo, kuma yawancinsu ana iya gano su kafin a biya kuɗi. Wanda ya san wuraren, ya bincika, ya kuma ware kuɗin gyaransu, zai more mota. Wanda ya saya saboda tambari da ƙarar salansa, zai iya ajiye ta a gareji tun kafin ya gama biyan bashin da ya cika kuɗinta da shi.

Me ya bambanta su da sauran ƙananan motoci?

A shekarar 1976 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf GTI ta farko. Dabarar ita ce a ɗauki motar zirga-zirgar yau da kullum mara nauyi, a sa mata injin da ya fi nata ƙarfi, a ƙara mata birki, a tsaurara ƙafafunta. Injin GTI ta farko lita 1.6 ne mai ƙarfin doki 110, motar kuma ba ta kai kilo 900 ba. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Hanya biyu ake bi wajen tatso ƙarfi daga ƙaramin inji. Ta farko ita ce a sa masa turbo, wato fankar da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Ta biyu ita ce a ƙera injin yadda zai iya juyawa da sauri sosai, har kusan zagaye 8,000 a minti, kamar yadda Honda da Toyota suka yi. Kowace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne: zafi ya fi yawa, matsi ya fi yawa, bakin mai ya fi wahala. Sakacin da Golf 3 ta haya za ta shanye shekara da shekaru, GTI mai turbo ba za ta ɗauke shi ba.

Sannan ka tuna da irin mutanen da suka riƙe motar kafin kai. Ba kasafai ake sayen irinta don a riƙa lallaɓawa zuwa kasuwa ba. Motar da ta shekara 15 ko 20, wataƙila ta ratsa hannu huɗu ko biyar, kuma na ƙarshen ne suka fi ƙarancin kuɗin kula da ita. Shi ya sa tarihin kulawar da ta samu ya fi lambar da ke kan odomita muhimmanci.

Motocin da za ka fi cin karo da su, da inda kowace take ciwo

*Golf 4 GTI mai inji 1.8T.* Tana da ƙarfin doki 150 ko 180. Injinta yana da juriya idan an kula da shi, amma bel ne yake daidaita juyawar sama da ƙasan injin, abin da makanikai ke kira tayimin bel. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin zai doki bawul, aikin ya koma sauke kan inji. Famfon ruwanta na asali mai fukafukin roba ne, yana tsufa ya tsage, injin ya fara ɗaukar zafi. Kwayil ɗin fulogi da na'urar ɗaga gilashin ƙofa su ma sanannun wuraren ciwo ne. Ka kuma lura, ba duk Golf 4 mai tambarin GTI ce take da turbo ba, kuma tambari abu ne da ake saya a liƙa.

*Golf 5 GTI, daga 2004 zuwa 2009.* Injinta lita 2.0 ne mai turbo, ƙarfin doki 200. Yawancinsu suna da injin da ake kira EA113, mai lambobi irin su AXX, BWA da BPY, kuma shi ma bel yake amfani da shi. Babban abin lura a nan wani ɗan ƙarfe ne mai kama da murfin kwalba, ana ce masa kam-folowa, yana zaune tsakanin famfon mai na kan inji da kamshaf. A hankali yake cinyewa. Idan ya huje, sai ya ci kamshaf ya ci famfon gaba ɗaya. Shi kansa ba shi da tsada, ciro shi a duba ba ya ɗaukar makaniki dogon lokaci, amma ɓarnar da yake jawowa tana ninka kuɗinsa sau da yawa. Bawul ɗin PCV da bawul ɗin da ke sakin iskar turbo su ma suna yagewa, sai ka ji motar tana rawa a tsaye ko ta rage ƙarfi.

*Golf 6 GTI, daga 2009 zuwa 2013.* A nan an koma injin EA888, wanda aka rubuta TSI a murfinsa. Wasu Golf 5 na ƙarshe da aka sayar a Amurka ma shi ne a cikinsu. Hanya mai sauƙi ta gane shi: matatar bakin mai tana sama, kana buɗe bonet za ka gan ta. Wannan injin sarƙa yake amfani da ita maimakon bel, amma tenshona, wato abin da ke ɗaure sarƙar, na farko-farkon yana iya saki ba gargaɗi. Idan ya saki, sarƙa ta tsallake haƙori, inji ya tafi. Daga baya kamfanin ya sauya fasalinsa, don haka tambayar farko ita ce ko an sa mata sabon samfurin. Gidan famfon ruwanta na roba ne, yana yoyo. Sannan shi da EA113 duka kai tsaye suke fesa fetur cikin silinda, fetur ba ya wanke bawul ɗin shigar iska, sai baƙin gawayi ya taru a kansu har sai an buɗe an kankare.

*Maganar giyar DSG.* Yawancin GTI 5 da 6 da ake kira atomatik, giyar DSG ce mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa. Tana da daɗi da sauri, amma tana da nata man na musamman da matata, kuma kamfanin ya ce a canza su duk kilomita 60,000. Idan aka zuba mata man giyar atomatik na gama-gari, ko aka shekara ba a canza ba, ƙwaƙwalwar giyar da ake kira mekatronik tana samun matsala, gyaranta kuma ba na kowane gareji ba ne. Ga mai sayen farko, mai giyar hannu ta fi sauƙin riƙo.

*Honda Civic Type R da Civic Si, daga 2001 zuwa 2005.* Type R ta wannan zamanin a Swindon ta Ingila aka haɗa ta, injinta K20 mai lita 2.0, ƙarfin doki 200, ba turbo. Si da aka sayar a Amurka mai jiki iri ɗaya tana da 160. Injin K20 sarƙa gare shi kuma ya yi suna wajen juriya. Sai dai yana shan bakin mai idan ana yawan kai shi ƙololuwa, don haka dole a riƙa duba sanda. Ka gwada shiga giya ta biyu da ta uku da sauri, idan tana gurzawa to an wahalar da giyar. Ka kuma saurari sitiyari, yakan yi ƙwanƙwasa idan ya tsufa.

*Toyota Matrix XRS da Pontiac Vibe GT.* Matrix da Vibe mota ɗaya ce a riga biyu, kuma sun cika titunanmu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, XRS da GT na 2003 zuwa 2006 suna ɗauke da injin 2ZZ-GE da Toyota ta ƙera tare da Yamaha, mai ƙarfin doki kusan 180. Ƙafafu da jiki da yawancin kayansu ana samu a kowace kasuwa, amma injin da giyarsa mai hawa shida ba irin na Matrix ɗin da kowa ya sani ba ne. Vibe GT ta 2009 da 2010 kuwa injin 2.4 ne irin na Camry, wanda aka sani da shan bakin mai.

*Peugeot 206 GTi da 207 GTi.* Peugeot ba baƙuwa ba ce a Arewa, a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, makanikanta kuma suna ko'ina. 206 GTi tana da inji 2.0 mara turbo mai amfani da bel. Ciwonta shi ne ƙafar baya: idan boris ɗin cikin gatarin suka cinye, za ka ga saman tayoyin baya ya karkata ciki. Tsaya a bayanta ka duba. 207 GTi kuwa tana da injin 1.6 THP da Peugeot ta ƙera tare da BMW, dangin wanda ke cikin Mini Cooper S ta wancan lokaci. An san shi da matsalar sarƙa, da famfon mai, da tara gawayi. Ba ita ce za a ba mai koyon riƙon mota shawarar farawa da ita ba.

*Ford Focus ST, daga 2005 zuwa 2010.* Injinta silinda biyar ne na Volvo, lita 2.5 mai turbo, ƙarfin doki 225. Yana da ƙarfi da daɗin sauti, amma yana shan mai sosai, kuma samun kayansa a nan ya fi na sauran wuya.

A taƙaice, marasa turbo na Honda da Toyota sun fi yafe kuskure. GTI ta fi daɗin zama da tuƙi, amma tana son mai bin ƙa'ida. Kafin ka yanke shawara, ka leƙa kasuwar kayan gyara mafi kusa da kai, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, ka tambayi farashin kayan da muka lissafa. Motar da kayanta sai an yi oda daga waje, kowane ƙaramin gyara zai zama zaman jira.

Mataki na farko: bincike da lambar VIN

Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17, ita ake kira VIN. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kuma takardun mota. Tun kafin ka tashi zuwa ganin motar, ka ce mai ita ya turo maka hoton lambar ta WhatsApp. Idan ya fara kwana-kwana, wannan ma amsa ce.

Da ka samu, yi abu huɗu:

1. Rubuta lambar a Google. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka, daga gwanjon Copart ko IAAI aka sayo su bayan sun yi hatsari ko ruwa ya ci su, kuma sau da yawa hotunansu na gwanjon suna nan a intanet. Za ka ga yadda take kafin fanel-bita ya taɓa ta, da lambar odomitarta a lokacin.

2. Sa lambar a shafukan da ke fassara VIN kyauta, ka tabbatar samfuri da shekara sun dace da abin da aka faɗa maka. A motocin Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar samfuri.

3. Idan motar Amurka ce, shiga shafin hukumar NHTSA ka duba ko akwai kiranyen gyara da ba a yi ba. Civic da Matrix da Vibe na waɗannan shekarun suna cikin motocin da matsalar jakar iska ta Takata ta shafa, wadda ke iya fashewa ta watsa ƙarafa a fuskar na cikin mota.

4. Idan da hali ka sayi rahoton Carfax ko AutoCheck. Kuɗinsa kaɗan ne a kan abin da kake shirin kashewa.

Idan ka je wurin motar, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke kan takardun kwastan da na rajista, harafi bayan harafi. Sannan ka kiyayi motocin Ingila. Da yawa daga Type R da Focus ST can aka sayar da su, sitiyarinsu a dama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, dokarmu kuma ba ta amince da mota mai sitiyarin dama ba, sai wasu su juya shi zuwa hagu a gareji. Juyin da aka yi da walda da yanke wayoyi, a motar da aka ƙera don gudu, haɗari ne. Alamominsa sun haɗa da dashbod da bai zauna daidai ba, da goge-gilashi da ke sharewa ta ɓangaren fasinja, da tabon walda a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota.

Mataki na biyu: mayar da wayarka na'urar gwajin mota

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD2. Ta nan ake magana da kwamfutar mota. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, girmanta kamar akwatin ashana, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ana soka ta a kafar, ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin mai tsohon Bluetooth da Android kaɗai take aiki. Sai ka sauke manhaja irin su Car Scanner, Torque ko OBD Fusion. Ga motocin Volkswagen akwai OBDeleven, wadda ke da tata na'urar kuma tana shiga har ƙwaƙwalwar giya da birki da jakar iska, wuraren da mai arahar ba ta cika kaiwa ba.

Ga yadda za ka yi: soka na'urar, murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, haɗa da waya, sannan ka ce manhajar ta karanto lambobin matsala. Waɗannan su ne waɗanda ya kamata ka sani:

- P0300 zuwa P0304: wata silinda ba ta ƙona mai daidai. Zai iya zama fulogi ko kwayil, zai iya zama gawayi a bawul.
- P0171: iska ta fi mai yawa. Sau da yawa yoyon iska ne ko bawul ɗin PCV.
- P0299: turbo ba ya ba da iskar da ake buƙata.
- P0087: matsin fetur ya yi ƙasa. A Golf 5 GTI, ka tuna da kam-folowa.
- P0016: sama da ƙasan inji ba sa tafiya tare. A injin sarƙa, wannan babban gargaɗi ne.
- P2015: matsalar fukafukin bututun shigar iska, sananniya a TSI.
- P0420: matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ta mutu ko an cire ta.

Yanzu ga dabarar da ta fi duk waɗannan amfani. Mai sayarwa zai iya goge lambobin da safe kafin ka zo, fitilar inji ta mutu, ka ga komai fes. Amma duk lokacin da aka goge, kwamfutar mota tana sake fara gwaje-gwajenta na ciki daga farko, kuma ba sa kammaluwa sai an yi tafiya mai ɗan tsawo. A manhajar ka nemi shafin da aka rubuta wa Readiness. Idan ka ga gwaje-gwaje da yawa ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan ka ga kilomita 5 ko 10, ka nemi bayani.

Bayan nan ka kunna injin ka kalli alƙaluma suna motsi. Zafin ruwa ya hau a hankali ya tsaya a kusa da digiri 90. Idan ya maƙale can ƙasa duk da ana tafiya, wataƙila an cire tamostat. Wutar batir ta kasance tsakanin bolt 13.5 da 14.5 inji na aiki. Alƙalumin gyaran mai, wanda ke nuna yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin da take ƙoƙarin rufewa.

Abu ɗaya kuma: da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta.

Mataki na uku: ido, kunne da hanci

Waya ba ta ganin komai. Ka je da makanikin da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma wanda ya saba da irin motar.

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa injin ka ji da sanyi. Ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙoƙi a tashin farko, da hayaƙi, da rawar inji, duk da sanyi suke fitowa. Sa wani ya ɗauki bidiyon salansa da waya lokacin da ake tayarwa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona bakin mai, ko daga rin ko daga turbo. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga silinda.

Buɗe murfin bakin mai ka haska da fitilar waya. Baƙin dasƙararren datti alama ce ta jinkirin sabis. Abu mai kama da madara yana iya nufin gaskit ya ƙone. Duba robar ruwan lagireto: ruwa mai launi ya kamata ka gani, ba ruwan famfo mai tsatsa ba. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujera, motar da ruwa ya ci ba ta ɓoye tsatsa da warin danshi.

Duba ko an taɓa ta: salansa mai ƙato, matatar iska mai kama da mazurari, ƙafafun da aka sassauke har tana shafar ƙasa. Wasu kuma suna sauya manhajar kwamfutar injin don ƙara ƙarfi. Wannan yana ƙara wa kuloci da turbo nauyi, kuma yawanci an tsara shi ne don fetur mai ingancin da ba lallai ka samu a nan ba. Ga motar farko, wadda ba a taɓa ba ita ce zaɓi.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Taya mai shekara shida zuwa sama, ko da zanenta bai cinye ba, ka sa kuɗin canza ta a lissafi.

Sannan ka tuƙa ta aƙalla minti 20, a cikin gari da kuma buɗaɗɗen titi. A mai giyar hannu, sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur sosai. Idan allurar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. A DSG, ka lura da fizga ko jinkiri wajen tashi da shiga ribas. Bayan kun dawo, sake soka na'urar ka ga ko sabuwar lamba ta fito.

Bayan ka saya: sabis na farko

Ka ɗauka cewa duk abin da ba a nuna maka shaidarsa ba, ba a yi shi ba. A makonnin farko ka canza bakin mai da matatarsa, matatar iska, fulogi, man birki, ruwan lagireto da man giya. Idan injin bel ne, ka canza bel da tenshona da famfon ruwa lokaci ɗaya, tunda buɗewa ɗaya ce. A Golf 5 GTI ka sa sabon kam-folowa. A Golf 6 ka sa a duba tenshona. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata ka kashe duk abin da ka tara wajen saye ba. Shawararmu ita ce ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka don wannan aikin. Idan kuɗin motar ya cinye komai, to ba ka kai ga sayenta ba tukuna.

Riƙon yau da kullum a yanayinmu

*Bakin mai.* Ka bi lambar da kamfani ya rubuta, ba abin da mai shago ya miƙo ba. GTI tana son mai ɗauke da shaidar VW 502 00, galibi 5W-40. Man 20W-50 mai kauri da aka saba zuba wa tsofaffin motoci ba na injin turbo ba ne. Tazarar canjin da ke cikin littafin mota an yi ta ne da titunan Turai. Da zafinmu da ƙurar hunturu da cunkoso, canzawa tsakanin kilomita 5,000 zuwa 7,500 ya fi aminci. Ka duba sanda duk mako, ka kuma sayi mai a wurin da ka yarda da shi saboda jabu.

*Sanyaya inji.* Kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa yana ƙara shan mai yana kuma saurin cinyewa. Idan mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfo ya gaji, ko fanka ta mutu. A nemo shi. Idan allura ta haura, ka tsaya nan take.

*Fetur.* Yawancin waɗannan injina an ƙera su ne don fetur mai lambar okten 95 zuwa sama, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓi. Kwamfutar mota tana rage ƙarfi don kare injin, amma tana da iyaka. Ka riƙe gidan mai ɗaya mai kyau, ka guji na bumburutu, kada ka riƙa danna totur ƙasa a babbar giya da tsakar rana. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin abin da za ka sha a wata ya zama dole kafin saye.

*Turbo.* Da safe ka tafi a hankali har inji ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya ko gudu, ka sassauta a kilomitocin ƙarshe, ka bar shi ya yi kamar minti ɗaya kafin ka kashe.

*Ƙafafu.* Motocin nan gajeru ne, tayoyinsu sirara. GTI 5 tana zuwa da rim 17 ko 18, kuma a titi mai ramuka 17 ta fi, domin robarta ta fi kauri. Ka hau tudun rage gudu a hankali, kaskon bakin mai yana kusa da ƙasa. Kada ka kutsa ruwa mai zurfi da damina.

*Ajiye tarihi.* Ka sa manhaja irin su Drivvo ko Fuelio, ko ka buɗe Google Sheets, ka riƙa rubuta kwanan wata, kilomita da abin da aka canza, tare da hoton rasit. Zai tuna maka lokacin sabis, zai nuna maka idan shan mai ya ƙaru, kuma ranar da za ka sayar, shi ne zai ɗaga darajar motarka.

Wa ya kamata ya saya?

Idan kana da makanikin da ya san motar, da ragowar kuɗi bayan saye, da haƙurin bin ƙa'idar sabis, tsohuwar hacbak mai ƙarfi za ta ba ka daɗin tuƙin da ba za ka samu a motoci da yawa masu tsadarta ba. Idan kuwa da ita za ka dogara wajen zuwa aiki kullum kuma aljihunka ba zai ɗauki gyaran ba-zata ba, ka fara da Civic, Matrix ko Golf ta gama-gari, ka koyi riƙon mota a kanta.

Ka kuma tuna birki da taya da jakar iska na motar nan sun tsufa tare da ita, kai kuma hannunka sabo ne. Iyakar gudun ƙananan motoci a manyan hanyoyinmu ba ta wuce kilomita 100 a awa ba, titin unguwa kuma ba filin gwaji ba ne.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka nemi VIN, ka soka na'ura, ka tayar da ita da sanyi, ka ware kuɗin sabis na farko. Idan mai mota ya hana ka ɗaya daga cikin ukun farko, ka yi masa godiya ka nemi wata. Idan kana da aboki da ke shirin sayen motarsa ta farko, tura masa wannan darasin kafin ya biya kafin alƙalami.